Sharar da Na Yi a Shagon Kawu

Ranar Talata ce, tun safe ake yayyafi, ba ya ƙaruwa kuma ba ya ɗaukewa. Babu mai fitowa ɗaukar hoto a irin wannan rana, sai na ce bari in gyara abin da ya daɗe yana damuna.

Shagon hoton na kawuna ne, ƙanin mahaifiyata, shekara talatin da ɗaya yana wannan sana'a. Ni kuwa tun da na bar makaranta na taɓa gyaran waya, na taɓa walda, na taɓa tuƙin babur, babu inda na cika wata shida. Kwamfuta ce kaɗai ta iya zaunar da ni. Na gina wa Kawu shafi a intanet, muka yi wata tara muna juye tsofaffin fim ɗinsa zuwa kwamfuta muna zubawa a shafin. Sunan mai hoto da shekara suna cikin rumbun bayanai, hoton kansa kuma yana cikin folda a sabar, wato kwamfutar ajiya ta intanet da muke haya. Fim ɗin duk danshi ya fara cinye su, ni na ce a zubar.

"Kawu, komai yana ciki. Kullum kwamfutar shago tana janyo kwafi da kanta."

Ya zubar, don ya yarda da ni.

To sabar ta kusa cika, sai na rubuta umarni na kaina, na sa masa suna shara. Aikinsa ɗaya ne: ya duba kowane hoto a folda, in babu sunansa a rumbun bayanai, ya goge shi. Na buga sunansa a baƙin allon da ake ba kwamfuta umarni. Allon ya ce bai san wannan umarni ba. Na sake bugawa, ya maimaita. Na kashe komai na kunna, na kwafe rubutun zuwa sabon fayil, na zagi kwamfutar, ba abin da ya canza. Can sai na yi tunanin ko rumbun ne ke hana shi, na juya saitin zuwa rumbun gwaji, wanda sunaye goma sha ɗaya ne kawai a ciki. Nan ma shiru. Na wuce zuwa wata dabara, ban mayar da saitin ba.

Wajen sha biyu na kira Dogo, abokina da ya koya mini wannan aiki.

"Sarkin sauri, yau kuma me ka ƙona?"

"Bar wasa, Dogo. Umarnina ya ƙi fitowa, awa uku ke nan."

"Ka taɓa foldojin?"

"Na sake musu wuri, amma da daɗewa."

"Akwai wani ɗan fayil da babu komai a cikinsa, ka tafi da shi?"

"Fayil marar komai, me zan yi da shi? Na goge."

Ya yi dariya har da tari. "Kai dai Allah Ya shirye ka. Da shi tsarin yake gane cewa akwai umarni a foldar. Mayar da shi, amma ka fara yin gwaji kafin ka..."

Ban bari ya ƙarasa ba. Na ƙirƙiri fayil ɗin, na buga shara, na danna.

Umarnin ya tashi. Layuka suka fara gudu a allo, an goge, an goge, an goge. Har na ɗaga hannu ina murna, na ce, "Kawu, ya yi!" Kawu yana goge gilashin kyamara da gefen rigarsa, ya ce madalla ba tare da ya ɗago ba. Hotuna marasa suna ba su fi ɗari biyu ba a lissafina, amma layukan ba su tsaya ba. Na tsaya ina kallo kamar wanda aka ɗaure. Sai na tuna da saitin. Umarnin yana tambayar rumbun gwaji, rumbun gwaji kuma mutum goma sha ɗaya ya sani. Duk sauran a wurinsa shara ne.

Na danna maɓallin tsayarwa da ƙarfin da sai da teburin ya motsa.

"Lafiya, ɗan nan?"

"Lafiya lau, Kawu."

Na buɗe kwamfutar shago in ɗauko kwafin jiya. Babu na jiya. Babu na makon jiya. Kwafi na ƙarshe ya yi wata bakwai. Umarnin ajiyar ma ni na rubuta shi, a folda ɗaya yake zaune da shara. Tun ranar da na goge ɗan fayil ɗin nan kwamfutar take kiransa kullum ana ce mata ba a san shi ba, ni kuma ban taɓa leƙawa ba.

Ban tsaya tunani ba, na tura tsohon kwafin gaba ɗaya zuwa sabar, sannan na sake kiran Dogo. Wannan karon bai yi dariya ba.

"Saurara da kyau. Kada ka zuba komai a sabar, ko fayil ɗaya. Abin da aka goge yana nan kwance muddin ba a rubuta wani abu a kansa ba."

Na kalli allon, tsohon kwafin ya riga ya gama shiga.

"Kai! Me ka yi?"

"Na riga na mayar da tsohon kwafin."

Na ji ya ja numfashi. "A kansu ka zuba ke nan. Turo mini lambar shiga, kuma don Allah ka zauna a kan hannuwanka."

Na rubuta wa masu sabar, suka amsa cikin ladabi cewa tsarin da na zaɓa babu ajiya a ciki. Na fita bayan shago cikin ruwa, na buɗe tsohon durom ɗin da muka zuba fim ɗin, alhali na san an kwashe shi tun tuni. Ruwa ne a ciki da ganye.

Da na dawo Kawu yana zaune a kujerata. Na riga na gyara saitin, don haka shafin yana nuna sunaye duka, kowane suna da farin gurbi a gefensa. Yana ja a hankali da yatsa ɗaya yana karantawa.

"Wannan tela ne, ya rasu. Wannan ranar da suka buɗe shagonsu ce. Ina hotunan suka shiga?"

Na durƙusa a gabansa na faɗa masa duka, har maganar kwafin. Bai zage ni ba, ni kuwa na so ya zage ni.

"Buga sunan Yaya," ya ce.

Mahaifiyata yake nufi. Na buga. Layi tara suka fito, biyu da hoto, bakwai farare. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Abokin naka zai iya?"

"Yana ƙoƙari, Kawu."

Dogo ya yi kwana biyu yana tono, ni ina kiransa duk bayan awa ɗaya har ya daina ɗauka. Ranar Alhamis da la'asar ya turo abin da ya samu, ya ce iyakar ke nan.

Hotuna dubu ashirin da shida da ɗari huɗu ne a sabar. Umarnina ya goge dubu goma sha tara da ɗari biyu kafin in tsayar da shi. Tsohon kwafi ya dawo da dubu shida. Dogo ya tono ɗari tara, wasu rabin fuska ce kawai. Dubu goma sha biyu da ɗari uku sun tafi, aikin shekara goma sha huɗu. A cikinsu akwai bakwai na mahaifiyata.