Ƙofar da Majvor Ta Buɗe

Shekara biyu cur Solveig Brännström, injiniya a wani kamfanin ƙera motoci, ta yi a kan mariƙin ƙofar mota guda ɗaya, har abokan aikinta suka daina tambayarta lafiyar gida, sai lafiyar mariƙi. Abin da take so ba wani abu ne mai wuyar faɗa ba. Ka ja kaɗan, lantarki ya buɗe maka. In batir ya mutu, ka ci gaba da ja, wata waya ta ciki ta zare sakatar. Mariƙi ɗaya, hannu ɗaya, ba sai ka karanta littafin mota ba.

Ba haka kawai ta ɗauki abin da zafi ba. Mahaifinta ne ya taɓa maƙalewa cikin sabuwar motarsa a bakin kanti, tsakiyar hunturu, batir ya ɗauke. Ashe akwai igiyar gaggawa a ɓoye can ƙarƙashin aljihun ƙofa, amma wa ya gaya masa? Minti arba'in ya yi yana buga gilashi. Tun ranar, kowace mota ya shiga sai ya sauke taga kaɗan, ko da sanyi zai tsinke masa kunne.

A gwajin watan jiya kuwa an sha kunya. Injiniyoyi duk sun buɗe, to ai sun san sirrin. Da aka kawo mutanen gari goma, bakwai suka ja, suka ji mariƙin ya cije a tsakiya, sai suka saki. Wai kada su karya kayan mutane! Mutanenmu ke nan, mutum ya gwammace ya daskare a zaune da a ce ya fizgi abin da ba nasa ba. Solveig ta koma ta cire wannan cijewar gaba ɗaya, ta mai da jan ya tafi sumul har ƙarshe.

Yau ce ranar ƙarshe. Motar gwaji na tsaye a kan wani tafki da ya daskare ya zama ƙanƙara, sanyi ya kai digiri ashirin da takwas ƙasa da sifiri. Östen, shugaban sashensu, ya riga ya faɗa: in aka sake faɗuwa, za a koma wa igiyar aljihun ƙofa, a rufe maganar.

"Ni zan zaɓi wanda zai shiga," in ji shi. "Na gaji da kawo mini 'yan'uwanki injiniyoyi masu ƙarfin hannu."

Ya je ya ɗauko Majvor, matar da ke dafa musu abinci a sansaninsu na gwaji da ke bakin tafkin. Shekararta saba'in da ɗaya, yatsunta duk sun kanannaɗe da sanyin ƙashi, ga wata jibgegiyar safar hannu ta ulu da ta saƙa da kanta.

Torbjörn, abokin aikin Solveig, ya matso yana raɗa. "Da wannan safar ko cokali ba ya riƙuwa. Ki fara neman aiki a sashen madubi."

"Rufe mini baki, don Allah."

Östen ya gaya wa Majvor kujera ake so ta gwada, ta ji ko tana ɗumama baya. Bai ce mata komai game da ƙofa ba. Sharaɗinsa shi ne a yanke wuta, a jira minti biyar. In ba ta fito ba, a buɗe mata daga waje, shi ke nan an faɗi.

"Kada ku daɗe da ni," Majvor ta ce tana shiga. "Ina da aiki, ba kamar wasu ba."

Aka rufe ƙofa. Torbjörn ya cire kan batir. Fitilun gaba suka mutu.

Minti ɗaya. Numfashin tsohuwar ya rufe gilashin da farin raɓa, ba a ganin komai sai inuwar hularta. Minti biyu, shiru. Solveig ta kasa kunne ko za ta ji ƙarar wayar da ke zare sakata, babu. Ta tabbata matar ta ja ta kasa, tana nan zaune tana jin kunyar kiran mutane. Fuskar mahaifinta ce kawai take gani a bayan gilashin nan.

Minti uku da rabi. Östen ya dubi agogo, ya dube ta, ba da mugunta ba, abin da ya fi ba ta haushi ke nan. "Kin yi iyakar ƙoƙarinki, Solveig."

"Saura minti ɗaya da rabi."

"Na sani."

"To ka bar ni da su."

Minti huɗu da 'yan daƙiƙu, sai ƙofa ta yi ƙwas, ta wangale. Ƙafa ɗaya ta sauko, ɗayar ta biyo. Majvor ta tura ƙofar da ƙugu, ta kama hanyar kicin ba ta ko kalle su ba.

Solveig ta bi ta a guje har santsi ya kusa kwashe ta. "Majvor! Tsaya! Me ya zaunar da ke haka?"

"Af, ba ce mini aka yi in zauna ba? Na ga fitilu sun mutu, na ce aikinku ne, kada in ɓata muku. Amma goma saura biyar, burodin kirfa na cikin tanderu. Ko sarki ne ya zaunar da ni, ba zan bari ya ƙone ba."

"To sau nawa kika ja mariƙin?"

Majvor ta dube ta sama da ƙasa. "Sau nawa ake jan ƙofa, 'yar nan?"

"Ba ki ji ya yi tauri ba? Babu fa batir a motar."

"Wane batir kuma? Ni dai abin da zan gaya muku, kujerar nan ba ta ɗumama komai. Ku gyara." Ta yi gaba abinta.

Torbjörn ya fashe da dariya har ya durƙusa a kan ƙanƙara. Solveig kuwa ta zauna daɓas a bakin ƙofar motar, hawaye na daskarewa a kumatunta. Daɗi ne, da wata irin gajiya da ba ta san tana ɗauke da ita ba. Östen ya cire safarsa, ya ja mariƙin da yatsa biyu, ya rufe, ya sake ja.

"Ba ta ma san an gwada ta ba," ya ce. Ya juya yana gyara hula. "Mariƙin ya ci gwaji, za a sa shi a motar. Ku taho a sha kofi kafin ta hana mu burodin."

Solveig ta ce su yi gaba. Ta ciro wayar salularta, ta kira mahaifinta, ta zayyana masa komai.

"Tsohuwa kika ce?"

"Ta girme ka da shekara ɗaya, Baba."

"Da safar ulu?"

"Da safar ulu. Ja ɗaya."

Ta ji ya ja hanci.

"To," ya ce, "idan motar ta fito kasuwa ki zo ki ɗauke ni. Zan rufe taga."