Bugu Biyu a Jikin Ƙofa

Maigidana direban babbar mota ne, ya yi tuƙi har sai da ido ya hana shi. Bana ya rasu, Allah ya jiƙansa.

Abin ya fara ne da shayi. Ya sha ya ajiye kofi, na ɗauke na wanke, sai ya leƙo yana tambayar laifin da ya yi aka hana shi shayi yau. Na yi dariya. Da abin ya yi yawa na daina.

'Yata ce ta kai mu wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ya juyo mana da hoton cikin kan maigida, ya nuna da bakin biro wani ɗan abu a lanƙwashe kamar yatsan da aka tanƙwara, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Ya ce sunansa hifokamfas. Sai da 'yata ta yi ta maimaita mini kafin ya zauna a bakina. Ya ce nan ne sabon abu yake fara sauka kafin a kai shi ajiya. In mutum ya tsufa wurin yakan ɗan motse, amma na maigida ya wuce na tsufa. Sabon abu ba zai riƙa zama ba, kuma a hankali ciwon zai bi tsohon ma yana ci, daga na kusa zuwa na nesa.

Na ce to ni dai ba sabuwa ba ce, mun haura shekara arba'in tare. Likita ya gyara gilashinsa, ya ci gaba da rubuta magani.

Jikoki ya fara mantawa. Sai 'ya'yan, daga auta zuwa babba. Ina kallo abin yana matsowa kamar ruwan da ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Ranar da ya iso kaina ina yanke masa farce ne. Ya janye hannunsa a hankali ya ce, “Baiwar Allah, bar shi, kada mutane su gan mu.”

Daga ranar na zama baiwar Allah. Ni ke dafawa, ni ke ba shi a baki, ni ke wanke abin da ba a faɗa. In na gama sai ya yi mini godiya irin wadda ake yi wa baƙo.

Amma bai manta Birki ba.

Birki yaron motarsa ne tun kafin ya aure ni. Yanzu shi ma tsoho ne, haƙoransa sun zube, yana dogara sanda, ga surutu. Ba kullum yake zuwa ba, sai ranar da ya ga dama. Amma da ya yi sallama daga waje sai ka ga maigida ya gyara zama, fuskarsa ta buɗe. Ya ce masa ɗan banza, ya tambaye shi ko ya duba ruwa. Birki ya ce ya duba, tayar baya ce dai take neman iska. Su yi ta ƙyaƙyata dariya kamar yara. Ni ina tsaye da kwano a hannu, babu mai kallona, sai in Birki ya waiwayo ya ce, “Matar oga, kin bari ogana ya rame.”

Da mace ce da na san yadda zan yi da ita. To tsoho ne mai sanda, wa zan kai wa ƙara?

Wata rana da safe maigida ya ɓata jikinsa, ya tsaya a bakin banɗaki ya ƙi shiga. Na lallaɓa, na roƙa, na ja hannunsa, ya riƙe bango ya ƙame. Ina cikin haka Birki ya shigo. Ya ɗaga sandarsa ya bugi ƙofar sau biyu. Maigida ya saki bango ya fara takawa. Da ya kai bakin bokiti Birki ya buga sau ɗaya da ƙarfi, ya tsaya cak.

Ashe haka suke yi a mota. In direba zai ja da baya ba ya ganin abin da ke bayansa, ga ƙarar inji ba ta barin a ji magana. Sai yaron mota ya sauka ya riƙa bugun jikin motar da tafin hannu. Biyu, taho. Ɗaya, tsaya. Birki ya ce da haka suka shiga lunguna da bakin rami ba su taɓa gogar ko kaza ba.

Na yi masa wankan ina hawaye, kuma ba na tausayi ba ne.

Da 'yata ta ji labari ta yi murna, ta ce ai mun samu sauƙi, in riƙa bugawa kawai. Na ce mata ni matarsa ce, ba yaron motarsa ba. Na ce in bugun ƙofa ya shiga, nawa ma zai shiga. Na fito da tsohon zanen da yake so na ɗaura. Na shafa turaren da yake kawo mini in ya dawo daga tafiya. Na kira shi da sunan da ni kaɗai nake kiransa, wanda ko 'ya'yanmu ba su taɓa ji ba. Ya dube ni da ladabi, ya ce ko na yi ɓatan hanya ne.

Rannan da rana ina shanya, na ji ƙarar sakata. Kafin in fito ya buɗe ƙofar gida ya nufi titi, motoci suna ta wucewa. Gwiwoyina ba za su kai ni ba. Na kira, bai waiwaya ba. Sai na ɗaga hannu na maki ƙofar ƙarfen nan sau ɗaya har tafina ya yi zafi.

Ya tsaya, ƙafarsa ɗaya a kan kwalta.

“Birki, me ke baya?”

Na ce, “Rami ne, oga.”

Tun daga nan na zama Birki. In na buga sai ya tashi, ya ci abinci, ya kwanta. Ya kuma riƙa yi mini hira, hirar da rabona da ita na manta. Ya ba ni labarin gadar da yake jin tsoron hawa. Ya ba ni labarin ranar da aka tare shi a hanya aka gaya masa rasuwar mahaifinsa, ya shiga ƙarƙashin mota kamar mai gyara ya yi kukansa a can. Ni da na haifa masa 'ya'ya ban taɓa sanin yana tsoron wani abu ba. A gida dutse ne. Ashe duk wannan yana wurin Birki, ni aka kawo wa gajiya da kayan wanki.

Wata rana na kasa haƙuri. Na ce, “Oga, wai kai ba ka da mata ne?”

Ya yi dariya har da tari. “Aure da wannan yawon? Bari in sayi motar kaina tukuna.”

Na tashi na shiga ɗaki.

Da jikin ya yi tsanani muka koma asibiti. Masu zuwa dubiya suna ta ce mini irinsu hankali kan dawo musu dab da tafiya, in zauna kusa. Na zauna. Na ce wa 'yata kada a aika wa Birki, a bar ni da mijina. Na kuma yi niyya ba zan bugi komai ba, ko ƙarfen gado ne. Da yamma ya buɗe ido, ya daɗe yana kallona. Na riƙe hannunsa na ce ni ce, matarka, uwar 'ya'yanka.

Ya ce, “Sannu, baiwar Allah.”

Ita ce maganarsa ta ƙarshe a gare ni.

Birki ya je jana'iza, an ce har sai da aka riƙe shi. Bayan 'yan makonni sai ga sallamarsa. Ya zauna a inda ya saba, ya jingine sanda, ya leƙa ɗaki ya ce yaya jikin oga, ko barci yake yi.

Na dube shi da kyau. Rigarsa a bai-bai take.

Daɗi na fara ji. Na ce a raina, to kai ma ga shi ya zo maka, yanzu ni kaɗai ce ke riƙe da shi. Na gaya masa oga ya rasu, kai ma kana wurin. Ya fashe da kuka kamar yau aka yi. Daɗin bai kai ko'ina ba, don ina kallonsa na tuna duk shekarun da ban gani ba suna cikin kan tsohon nan, kuma su ma sun kama hanya.

Da ya sake dawowa ya yi tambayar, na ce oga ya yi tafiya. Ya ɓata rai, ya ce ba tare da shi ba? To wa zai duba masa baya? Na ce ya ce ka jira shi a nan.

Yanzu ni nake aikawa a taho da shi. In ya zauna sai in ce ya ba ni labarin hanya. Kowane labari da “ni da oga” yake farawa, amma ba na katse shi. Jiya na tambaye shi abin da oga ya ce ranar da ya fara ganina. Ya murza kan sanda, sannan ya koma maganar wata taya da ta fashe musu a kan tudu. Ban sani ba ko mantuwa ce ko tsiyarsa ce ta da.