Ranar da Sukdeo Ya Riƙe Allura

Surukata Parbati, matar ɗana, ita ke yi wa amaren ƙauyenmu ɗinki a Guyana. Ranar da aka yi husufi cikinta wata bakwai, ga rigar amarya saura hannu ɗaya ba a haɗa ba, kuma da asuba za a zo karɓa. Mu Hindu, mai ciki ba ta taɓa allura sai dodo Rahu ya saki watan da ya haɗiye, kada yaro ya zo da tsagaggen leɓe. Husufin kuwa sai asubar zai washe.

Tana cikin kuka ɗana Sukdeo, mai saran rake, ya ɗauki allurar.

Na ce, "Da waɗannan yatsun naka kamar rogo?"

Ya ce, "Mama, ke dai ja carbinki."

Parbati ta danne hannayenta da cinya, tana ba shi umarni. "Ƙanana, maigida. Ba buhun shinkafa ba ne."

Sau uku tana sa shi ya warware. Kafin wata ya fito mu yi wankan tsarki na bayan husufi, hannun riga ya zauna daram. Uwar amarya ta juya rigar ciki da bai, ta ce babu mai kama ƙafar Parbati a ɗinki.