Masu Gadin Cikin Gunya

Daren jiya na yi wani mafarki, kuma na san likitan dabbobi ne ya ja mini. Shi ya ce Gunya, goɗiyar da Baba ya bar mini, ba za ta ɗauki ciki ba, wai garkuwar jikinta na ɗaukar maniyyin ingarma a matsayin abokin gaba, tana kashe shi. Ga tsufa ya kama ta. In ba ta haihu bana ba, irin dawakin gidanmu ya ƙare ke nan.

A mafarkin na cire takalmi na shiga ta kunnenta na hagu. Sai ga ni a Tudun Gawo, ƙauyenmu, yadda yake ina yaro. Ruwan sama na tsirowa daga ƙasa yana hawa, mata sun kife tukwane suna tara. Ƙanshin harawa ya buge ni, kewar gida ta kama ni.

A ƙofar gidanmu baƙi sun yi cincirindo, 'yan mitsi-mitsi, farare, kowanne da wutsiya, suna ta sallama. Gwaggo Tabawa, yayar Baba, na share su da tsintsiya. Tanimu Mai Gora, maƙwabcinmu da ko ƙuda bai taɓa samu da gorar tasa ba, yau yana kai duka babu kuskure.

"Gwaggo, ku bar ɗaya ya shiga mana," na ce.

"Kai ɗan nan, har yanzu ba ka yi hankali ba? Ubanka ya ce kada baƙo ya taka gidan nan sai ya dawo daga kasuwa."

Sai ga mu a zaure. Wani zakara ya kawo mana fura, ya tsuguna ya gaishe mu. Rigar Baba na zaune a kan buzu ita kaɗai, tana jan carbi. A waje baƙin na ta raguwa.

"Ai yana hanya," in ji Tanimu. "Zauna ka jira shi tare da mu."

Wallahi na so in zauna. Da na zauna da ba zan sake tashi ba. Na leƙa waje, saura baƙo guda, ya gaji, yana jan wutsiya a ƙasa.

"Gwaggo," na ce, "Baba ya rasu."

Ta jingine tsintsiya. Hawayenta suka haura goshi suka shige ɗankwali. "To me ya hana ka faɗa tuntuni?" Ta juya ga baƙon. "Shigo, ɗan nan, gidan naka ne."

Rigar ta ninke kanta.

Ƙarar bokiti ce ta tashe ni, Gunya na bugunsa da kofato tana neman ruwa. Na daɗe a kwance ban je ba. Tun ranar da muka binne Baba, ban taɓa faɗin maganar nan da bakina ba sai jiya.