Tsofaffin Hotunan Dilorom

A unguwarsu a birnin Bukhara, duk amaryar da ke son zanen bango mai surfani, wurin Dilorom ake zuwa. Amma a 'yan shekarun nan allura ta fara gagararta. Yatsunta sun yi kauri, takalma sun matse ta, ciwon kai ya ƙi barinta. Sau da yawa takan bangaji ƙyaure, don ba ta ganin gefenta sosai. Mijinta ya ce girma ne, ita ma ta yarda.

Ana haka yayarta Manzura ta dawo daga Rasha bayan doguwar rabuwa. Ta tsaya a tsakar gida tana ƙare mata kallo.

"Ke, wa ya ara miki wannan haɓar? Ba irin ta gidanmu ba ce."

"Haba Yaya, daga isowarki har kin fara?"

"Ba wasa nake ba. Muryarki ma ta koma ta Baba."

Manzura ce ta ja ta asibiti. Likitar ta jujjuya hannayenta, ta dubi giɓin da ya buɗe a haƙoranta, sannan ta ce su kawo tsofaffin hotunanta.

Da yamma suka zazzage akwatin hotunan marigayiya mahaifiyarsu a kan darduma. Ga su 'yan makaranta a gonar auduga, rana ta ƙona su, suna dariya. Ga mahaifiyar tana ciro gurasa daga tanderu. Ga Dilorom ranar aurenta, siririya, hancinta ɗan mitsitsi. Ta daɗe riƙe da wannan, har shayinsu ya huce.

"Ashe haka nake," ta ce a hankali.

Da likitar ta jera hotunan, sai ga fuskar tana faɗaɗa shekara bayan shekara, yadda mai ganinta kullum ba zai lura ba. Gwajin jini da hoton ƙwaƙwalwa suka tabbatar: ƙari ne a wata 'yar tsoka da ke gindin ƙwaƙwalwa, mai kula da girman jiki. Ba ciwon daji ba ne.

Ta hanci aka cire ƙarin a Tashkent, babban birnin ƙasarsu. Ciwon kan ya tafi, ganinta ya buɗe, amma ƙashin da ya girma bai koma yadda yake ba.

Da sanyi ya shigo Manzura ta koma bakin aikinta a Rasha. Duk Juma'a takan kira ta tambayi magani, daga nan hira ta gangara kan mutanen unguwa da suka daɗe da rasuwa.