Hodar da Aka Yi wa Ritaya

Shekara talatin Baba Mai Wanki yana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwaje, sai ga takarda daga sabon Shugaba: ƙarshen wata ya tafi gida, ya tsufa.

A ɗakin akwai Dakta, wadda ta ƙera wata farar hoda. A allo takan zana ƙwayarta kamar bishiya mai rassa, kowane reshe da ɗan hannu. Aikin hodar shi ne ta kamo sinadarai biyu da ba sa jituwa ta haɗa su, sannan a tace ta a sake amfani da ita. Baba yana kiranta Mai Dalilin Aure.

Shugaba ya kafa doka: in hoda ta yi zagaye biyar, a zubar. Baba kuwa bai iya zubar da abu ba. Yakan kankare ta daga mataci, ya wanke, ya shanya, ya adana a gwangwanin madara. Wata biyu kenan yana ɗura tsohuwar a kwalbar sabuwa, yana jan layi a bayan ƙofa duk zagaye.

Ranar da manyan baƙi suka zo, Dakta ta zuba hoda, ruwa ya juya shuɗi nan take. Aka tafa.

"Kun ga aikin sabon abu!" in ji Shugaba, yana hura hanci.

Baba ya yi gyaran murya daga bakin famfo. "Ranka ya daɗe, wannan ai tsohuwa ce. Zagayenta na goma sha biyu."

Dakta ta dafe ƙirji. "Baba! Ka kashe ni!"

"Ina na kashe ki, 'yata? Ga sabuwarki can bayan sabulu, ko amfani da ita ba a yi ba. Je ki ƙirga layukan da na ja a bayan ƙofa."

Babban baƙon ya je da kansa ya ƙirga. Ya dawo yana dariya. "Goma sha biyu! Abin da muka zo nema kenan. Wa ya ce a riƙa zubarwa a biyar?"

Kowa ya kalli silin.

Baba ya zaro takardar ritayarsa daga aljihu, ya miƙa wa Shugaba da hannu biyu. "Ranka ya daɗe, ni kuma a zagaye na nawa aka tsaya?"

Shugaba ya karɓe, ya cusa a aljihu. "Koma bakin famfonka, tsohon banza."

Baba ya koma, ya ƙara layi ɗaya a bayan ƙofa, wannan karon nasa ne.