Ranar da Dogo Ya Bi Matarsa

Dogo mai kemis ba ma'abocin kiɗa ba ne, amma ƙanwarsa Auta goge take ja a wata babbar ƙungiyar makaɗa. Su suka yi kiɗan wani sabon fim na leƙen asiri, kuma tun kafin fim ɗin ya fito ta turo masa kiɗan a waya. Da ya tambaye ta yadda zai gane gogenta a cikin wannan taro, ta yi dariya ta ce, "Yaya, in ka ji ni ni kaɗai, to na yi kuskure ke nan."

Da la'asar ya bar wa abokin aikinsa shago, ya sa iyafis a kunne, ya kunna kiɗan, ya kama hanyar gida a ƙafa. An ɗan yi yayyafi, kwalta na sheƙi. Kiɗan ya fara can ƙasa, manyan goguna masu kaurin murya suna ja a hankali kamar wani na numfashi a bayan ƙofa. Nan take layin da ya saba bi ya canja masa. Mai sayar da jarida ya ɗago kai, Dogo ya ga kamar da wata manufa ya ɗago. Wani mutum na jingine da mota yana naɗe laima, shi ma bai yarda da shi ba. Ƙafafunsa suka yi sakayau, kamar a kan ruwa yake tafiya.

Sai ga matarsa a tsallaken titi. Malamar makaranta ce, kuma da safe ta ce masa yau a gida za ta wuni tana duba takardun jarrabawa. Ga ta tana sauri, jaka a hammata, har tana waiwaye. Daidai nan wata ƙaramar ganga ta shigo, tana bugawa a ɓoye a ƙarƙashin gogunan. Bai kira ta ba. Ya bi ta daga nesa.

Yana tafe yana tuna abubuwan da bai taɓa ɗauka da zafi ba. Kwanan nan in saƙo ya shigo wayarta sai ta kife ta, ta ce anjima. Takan zauna da takarda a cinya, idonta na wani wuri. Ganga ta ƙara sauri, kowane tunani ya zo masa da nauyi.

A wata kwana gangar ta ɗauke. Sarewa guda ta rage, siririya, sannan ƙananan goguna suka taso gaba ɗaya suka lulluɓe ta. Matarsa ta tsaya gaban wani ɗan ruwa da ya kwanta, ta tattare gefen rigarta, ta tsallake a hankali. Haka ta tsallake kwatar ƙofar kemis ranar da ya fara ganinta, ta zo saya wa mahaifiyarta maganin tari, shi kuwa ya ruɗe ya miƙa mata na ciwon kai. Hasken yamma ya sauka a kafaɗarta. Dogo ya nemi zargin da ya ɗauko ya rasa inda ya ajiye shi.

Wani shagon tabarau ta shiga. Ya tsaya a waje yana kallo ta gilashin da ruwa ya jiƙa. Likitan ido ya zaunar da ita yana nuna mata baƙaƙe a bango, tana girgiza kai, yana canja mata gilashi. Can ta yi murmushi, leɓɓanta suka fara motsi layi bayan layi. Wani ƙaho mai taushi ya yi doguwar busa a kunnensa.

Ya cire iyafis. Hon ɗin motoci da hayaniyar mutane suka dawo. Ya tura ƙofa ya shiga.

Ta madubi ta hango shi, sabon tabarau a fuskarta. Ta ɗan ji kunya, ta ce masa ta daɗe rubutu na yi mata hazo, ba ta so 'yan biyunsu su samu abin tsokana ne, su ce Mama ta tsufa. Shi kuma ya ce hanya ce kawai ta biyo da shi. Ta juyo ta ƙare masa kallo.

"Baban 'yan biyu, ashe haka furfura ta cinye maka kai?"

"Tun bara," in ji shi. "Na zaci kara kike min."

Likitan ya yi dariya. Dogo da matarsa suka zaɓi tabarau mai baƙin ƙarfe tare, don ta ce mai ruwan zinariya ya mayar da ita kamar shugabar makarantarsu. A hanyar gida ba su yi sauri ba. Duk allon shagon da suka wuce sai ta tsaya ta karanta masa, har da ƙananan rubutun ƙasa, yana riƙe mata da jaka.